Lissafin Burga: Shekara Ɗari Biyu na Dabarar Poka da Abin da Ya Rage

A tsakiyar watan Yulin 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, mutum biyu suka rage a kan tebur daga cikin mutum 10,112 da suka biya dala dubu goma-goma suka shiga babbar gasar poka ta duniya. Jonathan Tamayo, ƙwararre daga jihar Texas, shi ya kayar da Jordan Griff, ya tafi gida da dala miliyan 10. Sai dai maganar da aka kwana ana yi ta koma kan wani abu daban. Kyamarori sun nuna Tamayo yana tashi a tsakanin rabon kati da na gaba, yana zuwa wurin abokansa da ke bakin shinge, ga kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka a buɗe a gabansu. Ba a hukunta kowa ba, amma daga baya masu gasar suka tsaurara doka kan na'urori a kusa da teburan ƙarshe. Hayaniyar ta tono tambayar da ta daɗe tana damun ma'abota wasan: idan har kwamfuta ta san amsa, me ya rage wa ɗan Adam ya gano?

Poka caca ce, hukuncinta a addini sananne ne, kuma akasarin masu zama a teburinta asara suke tashi da ita. Duk da haka tarihinta ya cancanci nazari. A kanta masana lissafi suka fara gwada yadda ake yanke shawara alhali abokin hamayya yana ɓoye abin da ya sani, kuma tana cikin sana'o'in farko da na'ura ta sha gaban gwanayensu. Abin da ya faru da gwanayen bayan hakan labari ne da ya shafi duk mai cin abinci da ƙwaƙwalwarsa.

Yadda wasan yake

Nau'in da ya fi shahara a yau shi ne Texas hold'em. Ana wasa da kati 52. Kowa yana karɓar kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur daki-daki: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Daga cikin bakwai ɗin nan kowa ke haɗa hannunsa na kati biyar. Sau huɗu ake zuba kuɗi, kuma duk wanda aka zuba a gabansa yana da zaɓi uku: ya ajiye katinsa ya haƙura, ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara. Hanyar cin tulin kuɗin da ke tsakiya biyu ce. Ko dai a buɗe kati a ƙarshe a ga hannun mutum ya fi na kowa, ko kuma kowa ya ajiye ya bar masa tulin ba tare da an ga abin da yake riƙe da shi ba.

Hanya ta biyun ce ta haifi burga, wato mutum ya zuba kuɗi da hannu marar ƙarfi don ya tsorata mai ƙarfi. A darar ces ko ta diraf, komai a fili yake a kan allo. A poka kuwa rabin labarin a rufe yake, kowane zubi saƙo ne, saƙon kuma yana iya zama gaskiya ko ƙarya.

Zamanin ido da ƙarfin zuciya

Wasan ya bayyana ne a farkon ƙarni na 19 a yankin New Orleans, ya bi jiragen ruwan kogin Mississippi ya bazu. Wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, Joseph Cowell, ya rubuta yadda ya ga ana yin sa a 1829: kati 20, mutum huɗu, kowa biyar. Kafin ƙarshen ƙarnin an koma kati 52, an kuma shigo da nau'o'in da ake musanya kati ko ake buɗe wasu a gaban kowa.

Fiye da shekara ɗari, ilimin poka a ka yake, ba a takarda ba. Gwani shi ne wanda ke lura da rawar yatsa da canjin numfashi, wanda ya san wane ne matsoraci, wane ne mai zafin kai. Sanin hali ya fi sanin kama, a nan ma haka abin yake. A shekarun 1950 da 1960 wasu 'yan Texas, cikinsu har da Doyle Brunson da Amarillo Slim da Sailor Roberts, sun riƙa yawo gari-gari da jari guda suna neman teburan bayan fage, suna fama da 'yan sanda da 'yan fashi da masu maguɗi. Irinsu ne suka kai hold'em Las Vegas. Da Benny Binion ya tara 'yan tsirarun gwanaye a gidan cacarsa na Horseshoe a 1970 don gasar duniya ta farko, ba a ma fitar da zakara ta hanyar cinye sauran ba. Ƙuri'a aka kaɗa a tsakanin 'yan wasan, suka zaɓi Johnny Moss. Ma'aunin gwaninta a lokacin shi ne shaidar abokan sana'a.

Abin da masana lissafi suka riga suka gani

Tun kafin wannan zama, wasu mutane da ba su da alaƙa da gidajen caca sun riga sun tsinkayi ƙashin bayan wasan. A 1928 John von Neumann, haifaffen Budapest, ya tabbatar da cewa a duk wasan mutum biyu da ribar ɗaya ita ce asarar ɗayan, akwai tsarin wasa da ke ba kowane ɓangare kariya mafi girma, ko da abokin karawa ya san tsarin. A 1944 shi da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa fannin lissafin wasanni, suka keɓe wani sashe ga poka da aka sauƙaƙa. Sakamakon ya ba da mamaki. Lissafi ya nuna cewa burga wajibi ce, kuma da hannaye mafiya rauni ya kamata a yi ta. Dalili kuwa a fili yake idan aka duba: matsakaicin hannu yana iya cin tuli idan aka buɗe kati, mafi rauni kuwa ba shi da wata hanya sai ta tsoratarwa.

Misali guda ya isa ya nuna yadda lissafin ke aiki. A ce an buɗe katin ƙarshe, akwai dala 100 a tuli, wani ya zuba wata 100. Wanda ke gabansa zai biya 100 ne don ya ci 200, ke nan yana buƙatar ya yi daidai sau ɗaya cikin uku kafin ya mayar da kuɗinsa. Idan mai zubin ya tsara wasansa ta yadda cikin kowane zubi uku biyu na gaske ne, ɗaya burga, to ya ɗaure abokin karawarsa: ya biya ko ya ajiye, duk ɗaya ne a tsawon lokaci. Shi ma mai amsawa, idan yana biya sau ɗaya cikin biyu, ya hana burga yin riba. Wannan matsaya, inda babu wanda zai ƙaru idan ya sauya shi kaɗai, ita ake kira daidaiton Nash, da sunan John Nash wanda ya faɗaɗa ra'ayin a 1950.

Matsalar ita ce girma. Pokar von Neumann 'yar ƙarama ce, ta Harold Kuhn ta 1950 kati uku kacal ke cikinta. Wasan gaske ya fi ƙarfin alƙalami da takarda, don haka ilimin ya yi zamansa a jami'o'i, ya shiga tattalin arziki da dabarun yaƙi, 'yan caca kuwa suka ci gaba da kallon idon juna.

Da asiri ya shiga littafi

Brunson ya ci gasar duniya a 1976 da 1977. A ƙarshen shekarun 1970 ya fitar da littafin da aka sani da Super/System, a kan dala 100, farashin da ba a saba ji ba a wancan lokaci. Saƙonsa shi ne matsa lamba: a riƙa zubi, a riƙa kwashe ƙananan tuli, a tilasta wa abokin karawa yanke shawara a kan duk abin da ya mallaka. Mike Caro ya sa teburan alƙaluma a littafin. David Sklansky, wanda shi ma ya rubuta wani babi a ciki, ya ci gaba da koyar da 'yan wasa su auna kuɗin da za su biya da girman tuli da yiwuwar zuwan katin da suke jira, su kuma daina auna shawara da sakamakon dare ɗaya. Mutum na iya yin daidai ya yi asara, yana iya yin wauta ya ci.

Brunson ya sha cewa littafin ya ja masa asarar da ta fi abin da ya samu daga sayar da shi, domin ya koya wa jama'a yadda za su kare kansu daga gare shi. Tun daga nan tarihin poka ya ɗauki salon da yake maimaitawa har yau. Wani ya gano abu, ya ci moriyarsa a ɓoye, asirin ya fasu, kowa ya koya, sai a ce wasa ya ƙare, sannan wani ya zo da maganin abin da kowa ya koya.

Guguwar intanet

A ranar 1 ga Janairun 1998 shafin Planet Poker ya raba katin farko na kuɗin gaske a intanet. Shekara biyar bayan haka wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya sami kujerar gasar duniya ta hanyar wata ƙaramar gasa a PokerStars da kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba. Ya doke mutum 838, ya ci dala miliyan 2.5, kuma masu kallon talabijin sun ga burgar da ya yi wa Sam Farha ta ƙananan kyamarorin da ke nuna katin da ke rufe. Mahalarta gasar suka tashi daga 839 a 2003 zuwa 8,773 a 2006.

Intanet ta sauya yadda ake koyo. A teburin gaske ana raba kati kimanin sau 30 a awa. A kwamfuta tebur ɗaya ya ninka haka, kuma matashi na iya buɗe goma a lokaci guda. Cikin 'yan shekaru sai ya ga adadin hannayen da tsohon gwani bai gani ba a rayuwarsa. Babu fuskar da za a karanta, sai manhajoji suka maye gurbin ido: suna ajiye kowane rabo, suna nuna sau nawa wane ke ƙari, sau nawa yake ajiyewa. Tambayar da ake yi ma ta canja. A da akan ce, wane kati ke hannunsa? Yanzu sai a ce, waɗanne hannaye ne cikin 1,326 da ake iya rabawa za su sa shi yin abin da ya yi, kuma kashi nawa ne masu ƙarfi a cikinsu? Annette Obrestad 'yar Norway, wadda ta ci babbar gasar Turai a Landan a 2007 ana gobe za ta cika shekara 19, ta ce ta taɓa cin wata gasar intanet ta mutum 180 tana rufe katinta, sau ɗaya kawai ta leƙa. Wurin zama da halin abokan wasa suka ishe ta.

A 2006 Bill Chen da Jerrod Ankenman suka fitar da The Mathematics of Poker, wanda ya dawo da tunanin von Neumann teburin wasa. A shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar hana bankuna hulɗa da cacar intanet da ba ta bisa doka, sannan a ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomi suka ƙwace adiresoshin manyan shafuka uku. 'Yan koyo da yawa suka watse, ƙwararru suka rage suna cin naman juna.

Na'urar da ta koya daga da-na-sani

A Jami'ar Alberta ta Kanada masu bincike sun fara gina manhajojin poka tun shekarun 1990. A 2007 suka fito da hanyar da ta buɗe ƙofa. Manhaja za ta yi wasa da kanta, bayan kowace shawara ta lissafa abin da za ta samu da ta zaɓi wani abu daban, ta ajiye wannan da-na-sanin a matsayin lamba, a karo na gaba ta karkata zuwa abin da ta fi nadamar bari. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Ga na'urar da ke iya maimaita wasa sau biliyoyi kuwa, ƙeyar ce ta zama jagora, domin lissafi ya tabbatar da cewa a wasan mutum biyu matsakaicin wannan koyo yana gangarawa zuwa daidaiton Nash.

A Janairun 2015 ƙungiyar Michael Bowling ta sanar a mujallar Science cewa manhajarta Cepheus ta kusan warware hold'em na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi, wasan da ke da wuraren yanke shawara sama da tiriliyan 300. Ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana wasa da ita ba tare da kuskure ba, ba zai iya tabbatar da cewa ya fi ta ba.

Nau'in da ba a ƙayyade zubi ba ya fi wannan girma nesa ba kusa ba: wuraren shawararsa sun kai lamba 1 da sifili kusan 161 a bayanta. A 2015 ƙwararru huɗu sun tashi a gaban manhajar Claudico ta Jami'ar Carnegie Mellon bayan rabo 80,000. A Janairun 2017 Tuomas Sandholm da ɗalibinsa Noam Brown suka dawo gidan caca na Rivers a Pittsburgh da Libratus. Kwana 20 aka yi, rabo 120,000, da Jason Les da Dong Kim da Daniel McAulay da Jimmy Chou. Kullum da dare mutanen kan haɗu su nemo ɓarakar manhajar, ita kuma ta kwana tana toshe ramukan da suka gwada da rana. Ta tashi da ribar sama da dala miliyan 1.7 ta kuɗin wasa, ba wanda ya tsira a cikinsu.

A 2019 Pluribus, aikin haɗin gwiwar Carnegie Mellon da Facebook, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida, har da Chris Ferguson, zakaran duniya na 2000. Kwana takwas aka yi ana horar da ita, a kan kuɗin da bai wuce dala 150 ba. Masu ita suka ƙi sakin manhajar, don gudun abin da za ta yi wa wasan intanet.

Abin da ya fi taɓa 'yan wasa kai tsaye ya zo ne daga Poland. A 2015 aka fara sayar da PioSolver, manhajar da mutum zai ba ta yanayin wasa a kwamfutarsa ta gida, ta fitar masa da amsar da ta kusanci daidaito. Ita da ire-irenta sun rushe abubuwa da dama da ake ɗauka karatun gwanaye ne. An saba zuba rabi ko kashi biyu cikin uku na tuli, sai ga manhaja tana zuba kashi ɗaya cikin uku da hannaye barkatai a wani wuri, a wani wurin kuma tana ninka tulin. Ta nuna cewa katin da ke hannun mutum yana da amfani na biyu: idan shi ke riƙe da katin da ake buƙata don haɗa hannu mafi ƙarfi, ya san abokin karawa ba shi da wannan hannun, don haka lokacin burga ya yi. Ta kuma nuna cewa sau da yawa amsar gauraye ce, hannu ɗaya a yanayi ɗaya, a yi ƙari da shi sau bakwai cikin goma, a biya sau uku.

Abin da ya rage

Daga nan ne masu cewa an kai ƙarshe suke kafa hujja. Hujjar tana da ƙarfi a wuri guda: a wasan mutum biyu, ba a sa ran wani haziƙi ya wayi gari da dabarar da za ta karya daidaito. Wannan ƙofa ta rufe. Amma akwai wasu huɗu da ke buɗe.

Ta farko ita ce ƙwaƙwalwa. Katunan uku na farko da ake buɗewa suna iya zuwa ta fuska 1,755 mabambanta. Kowace fuska tana rassa da kati na huɗu da na biyar, da yawan kuɗin da ke gaban kowa, da girman kowane zubi. Babu mai haddace wannan. Ɗan Adam kuma bai iya gauraya zaɓi ba tare da ya faɗa cikin wata al'ada ba, shi ya sa wasu ƙwararru ke duba hannun daƙiƙa na agogo don ya zaɓa musu. Aikin gwani a yau shi ne ya zauna da dubban amsoshin manhaja ya tatso dalilin da ke ƙarƙashinsu, ya mayar da su 'yan ƙa'idoji da za su shiga kai. Manhaja tana ba da amsa ne ba tare da bayani ba, kuma har yanzu ana saɓani a kan yadda ya fi dacewa a taƙaita ta.

Ta biyu ita ce bambancin kariya da farauta. A ɗauki bugun fenareti. Ɗan wasan da ke gauraya dama da hagu yadda ya kamata, babu golan da zai karance shi. Amma idan ya lura golan nan kullum dama yake faɗawa, ya ci gaba da gaurayawa, to yana zubar da ƙwallaye a banza. Daidaiton Nash garkuwa ce. Yana hana a cuci mutum, amma ba ya kwaso duk abin da kuskuren abokin karawa ya zubar. Wanda ya bar daidaito don ya ci moriyar wani kuskure kuwa ya buɗe tasa ɓarakar. Sanin lokacin fita da nisan da za a yi, da lokacin da abokin karawa ya farga, hukunci ne da ke kan mutum. Manhajojin yanzu suna barin a shigar musu da halin abokin wasa su lissafa maganinsa, sai dai wani ne zai fara gane halin.

Ta uku ita ce yawan mutane. Tabbacin da von Neumann ya bayar na mutum biyu ne. Da zarar an zama uku, bin daidaito ba ya lamunce wa kowa kariya, domin kuskuren wani na iya amfanar na biyu ya cuci na uku. Masu Pluribus da kansu sun bayyana cewa ta yi nasara ne a aikace, ba tare da irin wancan tabbaci ba. A gasa kuma abin ya ƙara rikicewa, tunda ninka abin da ke gaban mutum ba ya ninka ladan da zai samu, kuma wani lokaci tsira ta fi cin tuli daraja.

Ta huɗu ita ce wasan kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. An tashi daga kati 20 zuwa 52, daga musanyar kati zuwa hold'em, daga ƙayyadadden zubi zuwa marar iyaka. Da hold'em ya yi tsauri, manyan 'yan wasa da yawa suka koma Omaha, inda ake raba kati huɗu a rufe, hannayen farko su tashi daga 1,326 zuwa 270,725. Daga teburan attajiran Asiya kuma aka fito da nau'i mai kati 36. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, kuma a poka masu rawar ne ke canja kiɗan idan suka ga kowa ya iya takun.

Tsadar ilimin da kowa ya samu

Ci gaban yana da farashi. Daniel Negreanu, wanda ya yi suna wajen karanta mutane, ya sake koyon wasan da taimakon masu horarwa kafin ya kara da Doug Polk daga Nuwamban 2020 zuwa Fabrairun 2021. Bayan rabo 25,000 Polk ya ci kimanin dala miliyan 1.2. Tazarar da ke tsakanin ƙwararru tana ƙara matsewa, gidan caca kuwa yana yankar kasonsa daga tuli ko wa ya ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan kowa a tebur ya kusanci daidaito, gidan ne kaɗai ke da tabbacin riba. Shi ya sa zaɓen teburin da za a zauna ya zama wani babban sashe na sana'ar, kuma abincin ƙwararre har gobe daga aljihun ɗan koyo yake fitowa.

Sai kuma amana. Manhajar da ke koyarwa da rana tana iya raɗa amsa da dare. A 2020 shafin GGPoker ya rufe asusu 40 bisa zargin amfani da irin wannan taimako ana tsakiyar wasa. Gano masu yin haka ya zama fagen fama na kansa, inda ake bin sawun wanda wasansa ya yi kama da na na'ura fiye da kima.

Darar ces ta bi ta irin wannan hanya. A shekarun 1920 zakaran duniya José Raúl Capablanca ya ji tsoron canjaras zai kashe wasan, har ya ba da shawarar a faɗaɗa allo. Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, amma ba a daina ces ba. Na'ura ta zama malama, matasa suka riƙa kai matsayin da a da sai an manyanta.

Amsar tambayar ke nan. Dabarar poka tana da sauran wurin tafiya, sai dai wurin ya ƙaura. A zamanin Moss asiri kan yi shekaru a kan mutum ɗaya. Brunson ya sayar da nasa a dala 100. Yau amsar da ta fi ta kowane gwani tana cikin wayar duk mai biyan kuɗin wata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai fahimtar dalilin amsar, mai ɗauke da ita a ka lokacin da aka hana shi na'ura, mai gane cewa mutumin da ke gabansa ya kauce daga littafi, ya kuma san abin da zai yi a kai. Likita da lauya da akanta da ke ganin manhajoji suna shigowa ofisoshinsu za su gane wannan yanayi.

A Las Vegas, a wancan dare na Yuli, kwamfutar tana bakin shinge. Duk lokacin da aka raba kati, dole Tamayo ya koma kujerarsa shi kaɗai, da kati biyu a rufe, da mutumin da ke fuskantarsa wanda ba lallai ne ya yi abin da manhaja ta zata ba.